Ranar da Amfilifayar Idi Ta Yi Shiru

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Idi makwancinsa, kuma har yau idan na ji ƙaurin wayar lantarki ta ƙone sai ranar ta dawo mini sabuwa. Ga mai gyaran rediyo irina wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce, domin da ƙaurin nan nake wuni a shago. Idi taubashina ne, ɗan kawuna. Makaɗin jita ne, ni kuma na haɗa masa amfilifayar da yake kiɗa da ita, wato na'urar ƙara sauti. A filin dambe aka yi masa duka, bayan amfilifayar ta mutu a tsakiyar taken wani ɗan dambe. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti bai farfaɗo ba, rai ya yi halinsa. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya zaci tarihin wani waliyyi zan ba shi.

Idi mafaɗaci ne, kowa a unguwarmu ya shaida. Hannunsa ya fi bakinsa sauri. Haƙorina na gaba da ya gutsure, shi ya gutsure shi da dutse tun muna yara, a kan wata 'yar gardama da ni da shi duk muka manta tushenta. Wasan taubasai a wurin wasu zolaya ce da dariya, a wurinmu kuwa sai an kira mai ɗori. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana, kuma har ya mutu ba mu daidaita a kan wane ne ubangidan wani ba. Kawu mahauci ne, saboda haka Idi ya tashi a cikin 'yan dambe, har shi ma ya ɗaure hannu ya shiga fage. Bai daɗe ba Sarkin Dambe ya kore shi, don idan aka ce an raba, shi a lokacin ne yake farawa. Ya yi fushi ya bi motocin shanu ta Mai'adua ya tsallaka Damagaram, muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba. Da ya dawo, ya dawo da tabo a gira da wata tsohuwar jita mai waya, irin ta lantarki, a cikin buhun gero.

Ya iya kiɗa, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Abin da ya hana shi barci shi ne murya. Amfilifayar farko da ya samu irin ta kasuwa ce, tana fitar da sauti tas, babu datti. Idi ya ce ji yake kamar ana wanke kwanuka a bayan ɗaki. Shi gurnani yake so, irin na garayar mafarauta, muryar da za ta shiga ƙirjin mutum ta kaɗa masa hanji. Ya kawo mini na taɓa nan na taɓa can, ba ta sauya ba. Rannan a gabana ya ɗauko taɓaryar gidanmu ya bi ta da duka har sai da ta zama tarkace, sannan ya zauna yana haki ya ce in haɗa masa wata.

A lokacin akwai gawar wata na'urar majigi a ƙarƙashin teburina, wadda na saya a wurin 'yan gwangwan don in ciri wayoyi. A cikinta akwai kwalaben nan na gilashi irin na tsofaffin rediyo, waɗanda sai sun yi zafi suke magana. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsu ba. Na ciro manya guda biyu da ƙananansu, na ciro taransifoma, na dasa su a kan murfin wata akwatin ƙarfe, kafinta ya yi mana gida da katakon akwatin sabulu. Ranar da muka kunna, Idi ya ja tsirkiya ɗaya ya tsaya. Ya sake ja. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Ya juya baya yana zagina wai hayaƙin dalmata ne ya shiga masa ido.

To, daga ranar ne yaƙinmu na gaskiya ya fara, kuma a kan wani ɗan kusa ne da bai kai kan yatsa ba. A bayan amfilifayar yake, ana murza shi da sukundireba, shi ke ƙayyade yawan wutar da manyan kwalaben biyu za su sha. Idan ka rage, kwalabe su yi sanyi, su yi shekaru suna aiki, amma murya ta fito siririya, busasshiya. Idan ka ƙara, murya ta yi kauri, ta yi ɗumi, gurnanin nan ya taso. Idan ka ƙara fiye da kima, ƙarfen da ke cikin kwalbar ya yi ja kamar garwashi, kuma kwalbar da ta yi ja ta kama hanyar lahira. Ni aikina in ga abu ya daɗe. Shi kuma bukatarsa abu ya yi kuka.

"Ƙara mata wuta, bawana," haka yake cewa.

"Za ta mutu, Idi."

"Kai ma za ka mutu, kuma ba wanda ya taɓa jin daɗin muryarka. Ƙara."

Ba don kwalabe suna wuyar samu ba da ban damu ba. Amma a shekarun nan an riga an daina kawo su. Sai dai ka bi gidajen tsofaffin ma'aikata ka roƙi rediyon da ya mutu tun zamanin aurensu na fari, ko ka tsugunna a kan tarin 'yan gwangwan kana tono, ko ka ba wani direba sautu ya duba maka a tsallaken iyaka. In sha wahala in samo biyu, Idi ya gasa su a biki uku. Na ɗauko jan farcen matata na ɗiga a daidai inda kusan zai tsaya, ya wuce shi. Na narka kyandir na toshe ramin, ya ƙwaƙule da wuƙar fawa. Da abin ya ishe ni sai na mayar da kusan can ciki, tsakanin wayoyin da ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe bijimin sa, na kuma gaya masa. Washegari ya zura hannu. Wutar ta ɗauke shi ta maka da bango, ya tashi leɓe a fashe, yatsu biyu sun ƙone, ya ɗauki kujerar da nake zama ya sauke mini a gadon baya. Na rama da ƙarfen dalma mai zafi a cinyarsa. Maƙwabta ne suka raba mu, mu duka da aurenmu da 'ya'yanmu.

Kawu ne ya yi mana sulhu, shi da bai san bambancin kwalba da ƙwan fitila ba. Ya sa aka kawo amfilifayar zaure, ya ce in nuna masa inda nake so, Idi ya nuna inda yake so, ya sa farcensa a tsakani ya ce nan. Na dawo da kusan waje, na yi sabon ɗigo. Na huda wa akwatin ramuka, na ɗaura mata 'yar fanka, aka yi sharaɗin za a riƙa ba ta hutu tsakanin waƙa da waƙa. A kan ɗigon Kawu murya ba ta kai yadda Idi yake so ba, kwalabe kuma ba su daɗe yadda nake so ba. Kowannenmu yana ganin an cuce shi, amma mun samu shekaru muna tafiya a haka.

Wani lokaci ina zaune a shago ina kallon yadda kiɗa ya koma, sai in tambayi kaina me Idi zai ce. Yanzu yaro zai shiga ɗaki da kwamfuta ya fito da waƙa, babu tsirkiya, babu fata, babu gumi. A bikin 'yar Idi bara, wani matashi ne ya zo da manyan sifiku da na'urarsa, ya wuni yana danna maɓalli, ko sau ɗaya abin bai yi tari ba. A matsayina na mai gyara na yaba. Amma na san da Idi yana nan da sai an riƙe shi. Kwalaben da muka sha wuya a kansu kuwa, yau daga wayar hannu ake yin odarsu, a kawo maka har tasha a cikin kwali. Da ya ga wannan zamani da ya ƙone na duniya duka, yana yi mini dariya. Damben ma ya koma na cikin katanga, da tikiti da masu ɗaukar hoto. Abin da bai sauya ba shi ne saurin da taro ke yi wajen yanke wa mutum hukunci, sai ma ƙaruwa da ya yi, tunda yanzu ba sai an je fili ba.

Dole in yi wa wanda bai san dambe ba bayanin take. Kowane ɗan damben kirki yana da kiɗansa na kansa, wanda idan aka buga ya san da shi ake. Zai miƙe, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya fito fage yana kirari, mutanen garinsu suna ihu a bayansa. Take ba a yanke shi. Makaɗin da ya fara taken mutum ya tsaya a tsakiya ya zage shi, ya zagi ubangidansa, ya zagi garinsu. Haka kuma idan manya biyu za su kara, abin da ka ba na farko shi za ka ba na biyu, ba ragi, kuma ba jinkiri a tsakani. Da kalangu aka san wannan aiki tun kakanni. Idi ne ya shigo da jita cikinsa a yankinmu. Tsofaffi suka yi ta tsaki, amma 'yan damben da kansu suka riƙa nemansa, domin gurnanin amfilifayar nan yana tayar musu da abin da suke so a tayar.

Ranar da abin ya faru bayan kaka ne, a wani ƙauye ta wajen Dutsi wanda ba zan kama sunansa ba. Kwalabe biyun da ke ciki su ne na ƙarshe da muke da su, kuma sun riga sun tsufa. Na gaya masa tun a mota, ya ce ya ji. Bayan la'asar aka buɗe fili, rana ba ta sauka ba, ƙasa tana turiri. Janaretan da aka aro mana irin mai hauka ne, yana tafiya sai ya yi wani yunƙuri wuta ta yi sama. Babban wasan ranar tsakanin Guguwa ne, baƙon da ya zo da motoci cike da mutanensa, da Tsidau, ɗan garin. Su duka biyu sun aiko cewa da jita suke so a yi musu take.

Guguwa aka fara yi wa. Kusan yana kan ɗigon Kawu, Idi ya shiga kiɗa, mai kalangu yana raka shi. Guguwa ya fito da hannunsa a naɗe, ya zagaya fili, sai ya zo ya tsaya a gaban sifika ya karkata kai.

"Makaɗi," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "takena ne wannan, ko amarya za ka raka ɗaki?"

Fili ya ɗauki dariya. Na kalli Idi na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Bai daina kiɗa ba, ya bar wa mai kalangu riƙo, ya matso ya zare sukundireba daga aljihun rigata. Na kama hannunsa, ya buge ni da gwiwar hannu a ƙirji na zauna ƙasa. Ya murza kusan har ƙarshe.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Ban taɓa jin murya irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba. Ta cika filin, ta shiga ƙarƙashin ƙafafun mutane. Guguwa ya kurma ihu ya faɗi a kan gwiwoyinsa yana dukan ƙasa, mutanensa suka ɓalle suna zuba wa Idi liƙi, mata daga bayan dannin kara suna guɗa. Ni kaina gashin jikina ya tashi. Amma ni a bayan akwatin nake, kuma ta ramukan da na huda ina kallon ƙarfen kwalaben yana rinewa daga baƙi zuwa ja.

Yana rufe taken Guguwa, Tsidau ya riga ya miƙe. Na ja rigar Idi na ce ya dubi kwalaben. Ya leƙa, ya gani. Ba jahili ba ne, ya san abin da jan nan yake nufi.

"Bari in mayar da ita kan ɗigo," na ce. "Ko ka ba ta hutu kaɗan."

"A garinsu? A gaban uwarsa?" ya ce. "Sun ji abin da na ba baƙo. In na rage, ni na zage shi da hannuna."

"In ta mutu fa?"

"Yi mata fifita, bawana."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini a duniya. Na fizgi faifai daga hannun wata mai tallar gyaɗa na durƙusa ina fifita, ina karanto duk addu'ar da na iya. Taken Tsidau ya tashi da irin muryar da aka ba Guguwa, ba ragi. Garin ya ruɗe. Tsidau ya shigo fage yana tsuma, ya ɗaga hannu sama ya fara kirari. Take ya kai tsakiya, inda ake ambaton ubangidansa, sai janareta ya yi yunƙurinsa. Na ga wani shuɗin haske ya gilma a cikin kwalba ɗaya, na ji ɗas, hayaƙi ya taso. Mai kalangu ya firgita shi ma ya saki. Filin ya yi tsit, Tsidau yana tsaye da hannu a sama, baki a buɗe.

Daga can baya wani ya yi ihu, "An saye shi! Baƙi sun saye shi!"

Ba wanda ya tambayi hujja. Sun ga liƙin da mutanen Guguwa suka zuba masa, sun ji an kai taken baƙo ƙarshe, sun ji an yanke na ɗansu a kan sunan ubangidansa. Dutsen farko ya fasa sifika. Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa kwalba ce, kwalba ce, kamar akwai wanda ya san mece ce kwalba a wurin. Sai na ga Idi ya fizge wayar jita, ya tsallake igiyar fili, ya nufi Tsidau kai tsaye da sauri, jita a ƙirjinsa, kai a sunkuye. Na ƙwala masa kira. Gora ta sauka a ƙeyata, na kifa a kan amfilifayar, gilashi mai zafi ya manne a damtsena. Daga inda nake kwance ƙafafu kawai nake gani da ƙura, da sanduna suna tashi suna sauka a wuri ɗaya. Mutanen Guguwa suka shigo, faɗa ya zama na gari da gari, aka karya rumfuna, aka kifar da tukwanen masu abinci, wani ya zare wuƙa. Da aka samu aka watsa taron, na rarrafa na same shi. An fasa masa kai, an karya masa hannu da haƙarƙari, jini yana fita ta kunnensa. Wuyan jitar yana gefe, tsirkiyoyin sun naɗe masa a yatsu. A bayan motar hatsi muka kawo shi Daura, kansa a kan cinyata.

An kama wasu, an yi zaman manya. Kawu, Allah ya jiƙansa, ya ce ya bar wa Allah. Ni ban iya ba. Na yi shekaru ina jin haushin ƙauyen nan, ina kuma jin haushin Idi fiye da su. Duk wanda ya ga yadda ya tsallake igiyar nan, ya kuma san halinsa, abu ɗaya ya fahimta: an jefe shi, zuciya ta ɗebe shi, ya tafi ya fasa wa Tsidau jita a ka. Haka aka faɗa a wurin zaman makoki, haka labarin ya zauna. Matarsa Hajara ta riƙe 'ya'yansu da sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma duk lokacin da babban ɗansu Nura ya ɗaga murya sai ta ce masa, "Bi a hankali, zuciyar nan ita ta kashe ubanka." Yaron ya girma yana sunkuyar da kai idan aka ambaci mahaifinsa.

Amfilifayar tana nan a shagona. Da kwalabe suka samu na gyara ta, na sa kusan a inda na so tun farko, ƙasa da ɗigon Kawu ma. Na haɗa ta da rediyo, shekaru ke nan ina jin labarai da ita kowace safiya, ko kwalba ɗaya ban sauya ba. Na ci gardamar, sai dai babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar shagon don ya saurare ta.

A daminar bana, wata ranar kasuwa da hantsi, wani dattijo ya zo ya yi sallama ya zauna a kan bencina. Ba rediyo a hannunsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, hannun damansa yana rawa. Sai da ya ɗago na gane Tsidau ne. Ƙarfen dalma yana hannuna da zafinsa, kuma ba zan ɓoye ba, na dube shi na dubi ƙarfen.

"Malam Sabi'u," ya ce, "na san ba ka son ganina. Magana ce na riƙe, ƙarfina kuma yana ƙarewa. Ɗan'uwanka ba faɗa ya zo yi da ni ba."

Na ce masa da idona na gani.

"Daga baya ka gani. Ni a gabana yake. Da ya iso sai ya kawo jitar daidai kunnena ya ci gaba da kiɗa daga inda ta tsaya. Ba wuta, ba komai, tsirkiyoyin kawai. Takena ya zo ya ƙarasa mani."

Jita mai waya idan babu amfilifaya, wanda ke taku uku da ita ma ba zai ji ba, balle a cikin ihun nan. Na san wannan fiye da kowa. Na ajiye ƙarfen. Na tambaye shi me ya hana shi tare mutanensa. Ya ce ya tare, ya doki ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya har ya zubar masa da haƙora, amma mutum ɗaya ne shi, hannu ɗaya kuma a naɗe. Na ce to me ya hana shi faɗa tun lokacin. Ya ce ya faɗa a daren, dattawan garinsu suka ce ya rufe bakinsa, domin idan aka ji makaɗin da alheri ya shigo, 'ya'yansu da ke tsare ba za su fito ba. Ya rufe. Bai sake ɗaure hannu ba, bai kuma yarda wani makaɗi ya sake buga masa taken ba.

"Ya kai ƙarshe?" na ce.

"Ya kai. Sandar farko a kafaɗa ta same shi, bai tsaya ba. Ta biyu ya durƙusa, yana yi. Siririyar murya ce, kamar sauro, amma ko gaɓa ɗaya bai tsallake ba. Har sunan ubangidana ya faɗa da bakinsa."

Ban ce na yafe masa ba, shi ma bai roƙa ba. Na ba shi ruwa ya sha, ya tashi ya tafi.

Tun ranar nake auna abin da ya rage na Idi. Ba shi da kaset, ba wanda ya ɗauki hotonsa yana kiɗa, jitarsa ta zama itacen wuta a ƙauyen da ba na son tunawa. Har gobe ina nan a kan bakana, da ya bar kusan nan a kan ɗigo da wataƙila yau yana zaune a bencina yana zagina da furfurarsa. Mafaɗaci ne, kuma tabon da ke bayana bai goge ba. Amma mutumin da ya ga ja a cikin kwalba ya ƙi rage wa ɗan gari murya, shi ne kuma ya shiga ƙarƙashin sanduna don kada a bar taken wani a rabi. Wannan nake so mutanen Daura da suka san shi su ƙara a kan abin da suka sani, shi ya sa na rubuta. Allah ya dubi wannan tafiya tasa ta ƙarshe, ya yafe masa sauran, ya yafe mana mu da muka yi masa shaidar da ba ita ba.

Kafin in rubuta sai da na fara zuwa gidansa. Na tarar da Hajara a tsakar gida tana murza ƙuli, Nura yana gyara babur ɗinsa a zaure, na kira shi ya shigo. Na faɗa musu yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Nura ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, sannan ya fita waje bai ɗauki takalminsa ba. Hajara ta dubi hannuwanta da mai a jikinsu.

"Ranar da aka kawo gawarsa ban yi kuka ba, Sabi'u," ta ce. "Haushi ne ya hana ni. Na yi takaba ina jin haushinsa, na aurar da 'yarsa ina jin haushinsa."

Ta goge hannu a zaninta, ta miƙe ta ture kwanon ƙulin gefe.

"Tashi ka tafi. Ka ja mani ƙofar, yau mijina ya mutu."